Kwalin Mushe Sanda

Mushe Sanda ya ce zuwa Litinin
kowane rukuni ya kawo kwali guda,
a zana yadda ɗalibi zai raba yininsa
kafin bak ta iske mu muna hamma.

Mu uku muka haɗa dala sittin,
ni da Zalika da Illa ɗan Bilbis.
Muka sayo kwalin a babbar kasuwar Tawa,
Illa ya naɗe shi ya rungume a kan kabu-kabu
kamar an ba shi ajiyar jariri.

Alhamis ta ƙare a gardamar launi.
Juma'a Illa ya tafi kallon ƙwallo.
Asabar jan bik ya ƙafe,
muka sha shayi a fada, muka ce da sauran lokaci.
Lahadi da la'asar kwalin nan fari fat
yana kallonmu kamar mai bin bashi.

A tsakar gidan su Zalika muka shimfiɗa shi,
dutse huɗu a kusurwa huɗu.
Ta ja layi da gefen kaye,
kwana bakwai a kwance, awoyi a tsaye.
Na ce, biyar na asuba, lissafi.
Ta ce, biyar na asuba ina layin pampo
da bido shida, wa zai ɗauke mini?
Na ce, huɗu na yamma, tarihi.
Illa ya ce, lokacin ina rumfar baba
ina ware albasar da ta fara ruɓewa.
Dare fa?
Duk muka ɗaga kai muka dubi ƙwan lantarki.
Kuran ɗin garin nan ba ya sallama in zai tafi.

Inna Gaɗo na juya ƙosai a gefe,
ba ta taɓa zama a benci ba.
Ta ce, ni ban da agogo,
amma gero bai taɓa kwana a turmina ba.
Akuya ba a ɗaure ta a jikin iska,
turke ake nema.
Turke biyar ladan yake kafa muku kullum,
ku ɗaura karatun a nan.

Muka kife kwalin, muka sake a bayansa.

Bayan asuba, a layin pampo:
ƙa'idar lissafi uku a ƴar takarda, cikin aljihu.
Bayan azahar: barci.
Illa ne ya kafe sai an rubuta shi da manyan baƙaƙe,
wai kan da bai huta ba rariya ne.
Bayan magariba: darasin da ka fi tsoro,
tun da sauran wuta.
Waya kuma cikin kwanon rufi har isha'i,
a ba Inna ta zauna a kai in ta kama.

Gida ɗaya muka bari ba rubutu.

Kuran ya tafi ƙarfe tara, kamar ya ji ana zancensa.
Da fitilar waya muka gama,
sauro na karɓar nasa kason.
Zalika ta rubuta a sama:
KADA KA BAR NA YAU SAI GOBE.
Muka dubi juna, sha ɗaya saura,
dariya ta kayar da Illa a kan bido.

Litinin Mushe ya sa yatsa kan tabon mai,
ya shinshina, bai ce komai ba.
Wannan gidan fa, kun manta?
Zalika ta ce a'a, Mushe,
na suna ne, da zana'ida, da baƙon da bai aiko ba.
Ya yi shiru,
ya ba mu sha huɗu cikin ashirin.

Yana nan a bangon aji da ƙusa uku,
kusurwa ɗaya na lilo.
Jiya na ga wata ƴar ƙaramin aji tana kwafe shi a tsaye.

Yau Laraba, an idar da magariba,
kwali ya ce falsafa.
Ga ni nan ina rubuta wannan.